Algaitar da Ba Ta Magana

Wani matashi a Gamu ta ƙasar Gure, mai ɗaga ƙarfe da asuba, ya bar kalangu ya koma ga algaita mai salka ta Sikotlan, wadda ƙungiyar Red Hot Chilli Pipers ke haɗawa da jita tun 2002. Dalilinsa na harshe ne. Hausa tana bambance ma'ana da karin sama da na ƙasa, kalangu kuwa karin nan yake bi, har kunne ya tsinci kirari. Sai hankali ya bi zance, ƙidaya ta ɓace, alhali ƙarfe na bisa ƙirji. Algaitar Turawa ba ta gaya masa kome. Salkarta tana riƙe iska, sauti ba ya yankewa, numfashinsa ya bi shi.