Gasar dangwala yatsa da abin da take koya wa ƴaƴanmu

Duk mai leƙa Facebook ko TikTok a ƴan shekarun nan ya san salon. Wani mai neman mabiya zai sanar da gasa: a turo hoton yaro, ko bidiyon yarinya tana karatu, wanda ya fi tara alamar babban yatsa, wato abin da yara ke kira laik, shi zai ci jaka goma ta sefa ko katin waya. Sharaɗin farko ba ya canzawa: sai ka bi mai gasar, ka kuma gayyato ƴan uwanka su bi shi. Kafin mako ya zagayo, saƙon roƙo ya cika zaurukan WhatsApp na dangi da na malamai: don Allah ku shiga ku dangwala wa ɗiyata.

Ban ga laifin mai son jama'a su taru su saurare shi ba. Mai tallan magani a kasuwa ma yakan fara da ban dariya kafin ya kwance jakarsa. Abin da ya dame ni, a matsayina na malamin makaranta a nan Guna cikin gundumar Mirya, shi ne abin da ake aunawa a irin wannan gasa, da kuma wanda ake ɗora wa nauyinta.

Mu yi lissafin kamar a kan allo. A ce yara talatin suka shiga, kowane gida ya jawo mutum hamsin. Mai gasa ya samu mabiya 1,500 da jaka goma, ke nan kowane mutum bai kai masa dala biyu ba. Iyaye ne suka yi masa talla, su ne kuma suka ƙona kuɗin intanet ɗinsu. Yana yin haka ne don ya san manhajar takan ƙara yaɗa duk abin da jama'a suka yi wa ca, kuma yawan mabiya shi ke jawo masu biyan kuɗin talla. Kamfanin Facebook da kansa ya sanar a watan Disamban 2017 cewa zai rage yaɗa rubuce-rubucen da ke roƙon a dangwala ko a jefa ƙuri'a, amma har yau salon bai mutu ba, domin yana da arha.

Na ga yadda abin ke ƙarewa a ajina. Akwai wata yarinya ƴar aji shida da ta fi kowa iya karatu a bayyane, ba ta cin baƙi, ta san inda ake tsayawa. Yayanta da ke Damagaram ya ɗauki bidiyonta ya shigar da ita wata gasar karatu. Mahaifinta ƙaramar waya gare shi wadda ba ta hawa intanet, ita ma sai an kai ta wurin mai caji. Maƙwabtansu ma haka suke. Wanda ya ci gasar yaron birni ne mai dangi da manyan wayoyi har ƙasashen waje. Da sakamako ya fito, sai ta tsaya bayan an tashi ta tambaye ni: "Malam, karatuna ne bai yi kyau ba?" Na gaya mata gaskiya, cewa babu wanda ya auna karatunta, wayoyin danginta aka ƙirga. Amma yaro ba ya rarrabe wannan da sauƙi. Ita dai ta san ta yi ƙoƙari ta faɗi. Shi kuma wanda ya ci ya koyi cewa da roƙon jama'a ake zama na ɗaya, darasin da zai bi shi har ɗakin jarrabawa.

Mu mutanen Nijar mun san gasa ta gaskiya. Tun 1975 da aka fara kokawar takobin ƙasa a Tawa, fage kan cika da ƴan kallo, makaɗa na kiɗa, kowace jiha na zuga nata. Duk da haka ba a taɓa ba ɗan kokawa takobi don magoya bayansa sun fi ihu ba. Sai ya kayar da abokin karawarsa a gaban alƙalai da idon kowa. Wannan ne ma ya sa jama'a ke komawa kallo kowace shekara.

Shi kansa karatun boko na Hausa da gasa aka nema masa masu karatu. A 1933, Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya ga an koya wa mutane karatu amma babu littattafan hira da za su karanta, sai ya nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Imam da Ɓalewa duk malaman makaranta ne a lokacin, matasa masu shekara ashirin da ƴan kai. East ma'aikacin mulkin mallaka ne mai nasa buri, amma gasar ta nemi aiki daga waɗanda suka shiga, kuma fiye da shekara 90 ana karanta abin da ta haifar. A zamaninmu, gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 don mata marubuta ta bi wannan hanya. Babu shakka tana ƙara wa gidan rediyon masu sauraro, ana kuma tallata ta a kafofin sada zumunta, amma alƙalai ne ke karanta labaran su zaɓa, sannan a karanta wa jama'a waɗanda suka yi fice.

Ko ta fuskar mai gasar ma, na ga ribarsa ba ta ɗorewa. Kawun yarinya da ya bi shi don ya dangwala wa ɗiyar ƙanwarsa ba zai sake waiwayarsa ba bayan an raba kyauta. Adadi zai hau, masu karatu ba su ƙaru ba, taron tsintsiya ba shara. Abin da ke saura shi ne hotunan ƴaƴan mutane a hannun wanda ba a sani ba, wani lokaci har da sunan yaro da na makarantarsa, kuma abin da ya shiga intanet ba ka da ikon janye shi.

Saboda haka, idan aka turo muku irin wannan gasa, ku yi tambaya uku kafin ku miƙa ɗanku. Wane aiki ake son ya yi? Wa zai auna aikin, kuma da wane ma'auni? Ina hotonsa zai kwana bayan an gama? In amsar ta biyu ita ce yawan yatsu, ku bar ta ta wuce, ko kyautar ta kai nawa.

Ƴan uwana malamai da ke son tara jama'a a kan harkar ilimi kuwa, ƙofa a buɗe take. A sa gasar rubuta gajeren labari, ko shifta, ko tattaro tatsuniya daga bakin kaka. A bayyana sharuɗɗa tun farko, a nemi malamai uku daga makarantu daban-daban su yi alƙalanci ba tare da ganin sunayen yara ba. A yarda yaron ƙauye ya rubuta a takarda, malaminsa ya ɗauki hoton takardar ya tura, don kada rashin waya ya fitar da shi. Sannan a wallafa aikin da ya ci, da izinin iyaye, kowa ya karanta ya ga dalilin da ya sa ya ci. Waɗanda za su taru ba za su kai na gasar yatsa yawa ba, amma iyaye ne da malamai da suka zo don karatu, kuma su ne za su turo ƴaƴansu baɗi.