Kalma Ɗaya, Shanu Biyu

A ƙasan akwatin ƙarfen da na yi makarantar kwana da shi, har yau akwai wani littafin rubutu da bangonsa ya sha maiƙo da zufa. Kalmomin Turanci ne a ciki, guda 614, kowace da lambarta, da ma'anarta a gefe da jan biro. Na fara tara su ina aji huɗu na sakandare, na daina a farkon shekarar 2021. Kalmar da ta sa na daina ba ta cikin littafin, domin ban taɓa lissafa ta cikin masu wuya ba.

A Horo Birni aka haife ni, cikin ƙasar Shagari. Ba a jin Turanci a kasuwarmu, ba a jin sa a gona, sai a aji da bakin ma'aikacin da ya zo daga birni. Saboda haka muka tashi muna kallonsa kamar babbar riga mai aska, abin da ake sawa don a tsaya a kalle ka. Ƙamus ɗaya ne a ɗakin karatun makarantarmu, na Oxford wanda A. S. Hornby ya assasa. Malami ne da ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan, ya tsara ƙamusun musamman don irinmu da ba mu sha harshen a nono ba, ya cika shi da misalan yadda kalma ke zama cikin jimla. Mu kuwa misalan muke tsallakewa. Farauta muke shiga yi, wanda ya kamo kalma mafi tsawo shi ne gwanin ranar. A haka na samo “ubiquitous” da “obsequious” da “recalcitrant” da “perspicacious”, na riƙa jefa su a dandalin muhawara ana tafi. A lokacin ana yawo da bidiyon Patrick Obahiagbon a wayoyi, tsohon ɗan majalisar wakilai daga Edo da ya yi suna da dogon Turanci. Ba ma fahimtar ko rubu'in abin da yake faɗa, kuma rashin fahimtar ce ke burge mu.

Jarrabawar JAMB ta ƙara mini ƙarfin gwiwa. A ba ka kalma, a jera maka huɗu, a ce zaɓi wadda ta fi kusa da ita ko wadda take kishiyarta. Na ci da maki mai kyau, na sami gurbin karatun Turanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A gida aka sa mini suna Ƙamus. Inna kan gaya wa mata a gidan biki cewa ɗanta ya fi Bature jin Turanci, ni kuma ban taɓa gyara mata ba.

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, malaman jami'a kuma suka shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba. Na dawo gida da jakata. Baba a lokacin shi ke shugabantar wata ƙungiyar manoman shinkafa ta mutum goma. Gab da faɗuwar damina wata cibiyar ba da rance daga birni ta yarda ta ba su taki da iri da maganin feshi na naira 120,000 kowane mutum, a biya bayan girbi. Aka aiko da takarda mai shafi huɗu, duk da Turanci. A cikin mutum goman nan shida suna karanta ajami, biyu sun sauke Alƙur'ani, amma babu mai karanta boko.

Bayan sallar isha'i suka taru a zaurenmu, aka kunna fitilar sola, Baba ya miƙo mini takardar.

“Karanta muna ita da Hausa,” in ji shi. “Kak ka bar komi.”

Ban manta daɗin da na ji ba. Dattawan da suka ga ranar sunana sun yi shiru suna jiran abin da zai fito daga bakina. Na ci karo da “indemnify” da “encumbrance”, na ciro waya na duba ƙamus a gabansu, har da ɗan jinkiri don su ga aikin ba na wasa ba ne. Sai na iso layin da ke cewa 'yan ƙungiya za su kasance “jointly and severally liable”. Wannan ban duba ba. Me zan duba? Tun ina firamare nake jin malamai suna cewa sun gargaɗe mu “severally”, wato sau da yawa, haka kuma nake gani a jaridu. Na ce musu ma'anarsa za su biya tare, kuma a sau da yawa, wato kashi-kashi.

“Ashe har da sauƙi anka yi muna,” in ji wani ƙanen Baba. Aka yi hamdala, aka kawo tawada, kowa ya dangwala babban yatsa.

Ruwan da aka yi a Agusta da Satumban shekarar ba sai na ba mutanen Sakkwato da Kebbi labarinsa ba. Fadamarmu ta kwana goma sha a ƙarƙashin ruwa, shinkafar da ta fara ciki ta ruɓe a tsaye. Bakwai daga cikin goman suka kukkuta, wani ya sayar da awaki, wani da geron da ya ajiye don ci, suka biya nasu. Uku suka tafi ci-rani, wayoyinsu suka daina shiga.

A watan Janairu ma'aikacin cibiyar ya zo. Saurayi ne mai ladabi, ya tuɓe takalmi kafin ya shiga zaure. Ya ce saura naira 360,000, kuma wurin Baba ya zo karɓa. Baba ya ce ai shi ya biya nasa tun tuni. Saurayin ya buɗe shafi na uku, ya ɗora yatsa a kan layin nan, ya ce abin da suka sa wa hannu shi ne kowane ɗayansu ya ɗauki bashin gaba ɗaya a wuyansa, cibiya na iya bin duk wanda ta ga dama.

“Ba haka ɗana ya karanta muna ba,” in ji Baba.

Duk suka juyo gare ni. Na ciro wayar nan dai, hannuna na rawa, na rubuta kalmar. Ma'ana ɗaya ƙamusun ya ba ni: ɗai-ɗai, kowa a kan kansa. Na karanta ta sau uku a zuci ko za ta sauya. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina kallon wayar ba, sai na ji Baba yana tambayar saurayin ko za a ba shi mako biyu.

Bijimai biyu muke da su na huɗa, bokolo, ɗaya fari ɗaya mai duhun wuya, Baba ya raine su tun suna maruƙa. Ni na kora su zuwa kasuwar Bodinga, ina gaba da igiya, yana baya da sanda. Tun daga gida har muka dawo bai ce mini uffan ba a kan takardar, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Daminar da ta biyo baya garma ta shekara a jingine a zaure, mutum mai shekara sittin ya koma sunkuyo da hauya.

Na sha tambayar kaina me ya hana a rubuta wa manoman Hausa takarda da Hausa, alhali tun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma babu wani sharaɗin bashi da harshen nan ya rasa sunansa. Har yanzu ina ganin hakkinsu ne. Amma wannan bai wanke ni ba, domin takardar ta faɗi gaskiyarta, ni ne na juya ta.

Limamin unguwarmu ne ya fara kawo maganar a fili, wata rana bayan la'asar. Ya sa na maimaita masa bayanin saurayin, ya yi murmushi ya ce ai wannan lamuni ne, kowa ya tsaya wa kowa, babi ne guda a Mukhtasar, almajirai na karanta shi a zaure. A nan ne Baba ya yi maganar da bai taɓa yi ba, bai kuma sake ba.

“Da ka ce muna lamuni, da na san wanda ni ka tsaya ma da wanda ba ni tsaya ma. Biyu daga cikinsu ko akuya ba ni lamunce musu.”

Kalmar tana bakina tun ina yaro. Na san ta, na san nauyinta, na ga yadda dattijo ke yin shiru kafin ya furta ta. Abin da ban sani ba shi ne ita ce ke ɓoye a bayan waccan ƙaramar kalmar Turanci da na raina. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa.

Da aka koma jami'a na bi asalinta. Daga Latin ta fito, daga tushen da ke nufin rabewa, tushe ɗaya da “separate” da “sever”. Ta shigo Turanci ta bakin Faransancin da aka riƙa shari'a da shi a Ingila bayan Normawa sun ci ƙasar a 1066, lauyoyi kuma suka riƙe tsohuwar ma'anar har yau. Sai kuma na gano abin da ya sa na yi dariyar da ta fi kuka ciwo. A watan Janairu na 2020, watanni kaɗan kafin daren zauren nan, babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Turancin Nijeriya, irin su “okada” da “danfo” da “Kannywood”. A cikinsu har da “severally” da ma'anar sau da yawa. Ashe fassarar da na yi tana da gindin zama a ƙamus mafi girma na harshen. A bakin malamin firamare daidai take, a shafin jarida daidai take, a shafi na uku na takardar bashi kuwa kuɗinta bijimai biyu.

Na koma kan littafina da wata sabuwar jarrabawa da na ƙirƙiro wa kaina: duk kalmar da ba zan iya faɗa wa Inna ita da Hausa ta gane ba, ban san ta ba. Na nemi Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner da na Roxana Ma Newman na 1990, na riƙa bi ɗaya bayan ɗaya. “Recalcitrant” ashe taurin kai ne kawai, “obsequious” kuma fadanci, abin da nake gani kullum a ƙofar masu mulki. Waɗanda suka tsallake ba su kai ɗari ba. Na lura kuma dogayen ba su cika cutarwa ba, tun da tsawonsu kan sa mutum ya tsaya ya duba. Gajerun ne abin tsoro, irin su “shall” da “may” da “waive”, da “positive” da ke zama yabo a bakin malami, ta zama mugun labari a takardar gwajin asibiti.

Daga alawus ɗin hidimar ƙasa na tara abin da ya sayi ɗan bijimi ɗaya. Bai isa huɗa shi kaɗai ba, sai an haɗa shi da na maƙwabci, a yi gonarsu yau, a yi tamu gobe. Ɗaya daga cikin mutum ukun ya dawo da rabin abin da ke kansa, Baba ya karɓa bai ce komai ba. Sauran biyun shiru.

Na ɗauka daga ranar ba zai sake ba ni takarda ba. Amma da sallar layya da ta wuce wata gwaggona ta zo da takardar filin mijinta da ya rasu, Baba ya ce a kira ni. Na zauna a zauren nan, na fara karantawa a hankali, har na iso wata kalma mai harafi shida da na sha gani. Na buɗe baki, sai na rufe.

“Baba, bari in duba wannan.”

Ya gyara zama, ya jingina da bango.

“Duba,” in ji shi. “Ba mu da sauri.”