Benci talatin, iyaye tara

Bara, da shekarar karatu ta zo ƙarshe, ƴan ajina suka shirya wasan kwaikwayo a kan auren wuri. Mako huɗu muna gwaji bayan an tashi daga lakwal. Muka aika wa iyaye takarda, muka jera benci talatin a tsakar makaranta. Ranar wasa mutum tara suka zo. Da yawa sun aiko cewa: "Mushe, ka ɗauka a salula ka turo mana ta WhatsApp."

Akwai yarinyar da ta fito a matsayin kaka. A wurin gwaji, duk sa'ad da ta ɗaga sanda ta kori mai neman auren jikarta, sai aji ya fashe da dariya, ita kuma ta saba dakatawa har dariyar ta lafa. Ranar nan ta ɗaga sandar, ta dakata, ba abin da ya biyo baya. Ta dubi bencin da ba kowa. Daga nan muryarta ta yi ƙasa, ta ƙarasa wasan kamar mai biya hadda.

Wasan kwaikwayon Hausa a ƙasar nan, tun zamanin samariya da bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976, ba a cika rubuta shi kalma da kalma ba. Su Yazi Dogo, wanda shi ma malamin makaranta ne, ƙashin labari suke tsarawa, sauran maganar a fili take fitowa. Ɗan wasa da dariyar jama'a yake awo: in ta zo ya ƙara, in aka yi tsit ya taƙaita. Salula tana ɗaukar hoto da murya, amma ba ta mayar wa yaro da amsa.

Mu malamai mun san wannan. A makarantar horon malamai an koya mana mu riƙa duban idon yara, don a nan ake gane darasi ya shiga ko bai shiga ba.

Ni ma da laifina: ranar kasuwa da hantsi na sa wasan. Bana bayan la'asar za mu yi, a ranar da ba kasuwa. Iyaye, don Allah ku zo ku zauna, ko da awa guda ce. Yarinyar ta wuce kolej yanzu. Na tambaye ta kwanan baya ko tana wasa, ta ce ta daina.