Ribar Baki da Ribar Littafi

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa cikinmu za su nemi wata 'yar sana'a gefen malanta, gama albashi shi kaɗai ba ya kai mutum ƙarshen wata. Waɗansu za su sayi wadda wani ya riga ya kafa. Ga abin da na gani a hutun da ya wuce.

Kawuna ya bar aikin koyarwa, ya so ya sa kuɗin sallamarsa a injin niƙa. Da shi ke ina karatun lissafi, sai ya ce in duba masa littafin mai injin. Littafi ya nuna abin da ke saura kowane wata naira 90,000 ne. Amma mai inji ya ce ainihin ribar 200,000 ce, ya sa kuɗin sana'ar ribar wata goma sha biyu, watau 2,400,000. Ku lura, kowace naira 1,000 da ya ƙara a wata ta zama 12,000 a kan mai saye.

To, ina 110,000 ta fito? Abu huɗu ya cire daga cikin kuɗin da aka kashe, ya mai da su riba. Kowane na yi masa tambaya ɗaya: gobe idan inji ya zama na Kawu, zai biya wannan ko ba zai biya ba?

Na fari, 30,000 da ya kan ɗiba domin cefanen gidansa. Wannan gaskiyarsa, na yarda. Ya kuma cire 20,000 na mai, wai tsadar mai mai wucewa ce. Tun ran 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500, ba ta kuwa koma inda ta fito ba. Sa'an nan 25,000 na gyara, ya ce tsautsayi ne na sau ɗaya. Na juya shafi baya, kowane wata sai na tarar da makanike: yau bel, gobe haƙoran inji. Abin da ke zuwa kowane wata ai ba tsautsayi ba ne, halin tsohon inji ne.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne ladan yaron inji, 35,000. Mai inji ya ce, “Malam, ai da kanka za ka tsaya.” Maganar tana da daɗin ji, har Kawu ya gyaɗa kai. Amma Kawu ya haura sittin, ƙurar gari kuwa ba ta san girma ba. Ko da ya tsaya ma, wannan kuɗi ladan guminsa ne, ba ribar inji ba. Ƙaƙa mutum zai biya 420,000 domin a bar shi ya yi wa kansa ƙwadago?

Akwai kuma abin da littafi bai faɗa ba. Injin a ƙofar gidan mai shi yake, ba ya biyan haya. Kawu zai biya, mun sa 10,000.

Sai lissafina ya tsaya a 110,000 a wata, watau 1,320,000. Kawu ya taya haka, mai inji ya ce albarka. Muka roƙa a bar ni in zauna bakin inji mako guda in ƙirga masu niƙa da idona, ya ce zai yi shawara. Har na komo makaranta bai aiko ba, kuɗin Kawu kuwa suna nan a banki.