Inhelar Ɗanki: Kin San Saura Feshi Nawa a Ciki?

Idan akwai mai asma a gidanki, ɗauko inhelarsa yanzu ki gaya mini saura feshi nawa a ciki. Na san abin da za ki yi. Za ki kai ta kunne ki girgiza, ki ji motsin ruwa, ki fesa sau ɗaya a iska ki ga hazo ya fito, ki ce ai da saura. To 'yar'uwa, duka biyun ba shaida ba ne.

Ba magani kaɗai ke cikin ɗan gwangwanin nan ba. Akwai wani ruwan gas da ke ingiza maganin ya fito, kuma shi ne ya fi yawa. Shuɗiyar nan ta Ventolin, wadda maganin cikinta ake kira salbutamol, feshi 200 aka rubuta a jikinta. Bayan na 200 ba ta tsayawa, za ta ci gaba da huci kamar sabuwa, alhali maganin yana ta raguwa. Wani feshin ya zo da ɗan kaɗan, wani kusan gas zalla.

Ɗana na biyu tun yana shekara huɗu yake fama da asma, kuma da hunturu ya kama, ƙura ta sauko, barcina rabi ne. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaro ya shaƙa cikin dare, ƙirjinsa bai daina kuka ba, ke kuma ba ki sani ba, ciwon ne ya yi tsanani ko inhelar ce fanko? Lokacin da za ki ɓata kina cewa bari mu ƙara jira, shi ne lokacin da ya kamata a ce kuna hanyar asibiti.

A wajen wani suna na ji wata baiwar Allah tana koya wa mata su jefa gwangwanin a kofin ruwa, wai in ya nutse da magani, in ya taso ya ƙare. Tsohuwar dabara ce, har ma'aikatan lafiya sun taɓa koyar da ita, amma an daina. Ba ta faɗin gaskiya, kuma ruwa kan shiga bakin ya toshe shi.

Wannan irin inhelar a Amurka aka fara fitar da ita a 1956, bayan wata yarinya 'yar shekara 13 mai asma ta tambayi mahaifinta, shugaban wani kamfanin magani, me ya hana a sa maganinta a gwangwanin feshi irin na gyaran gashi. Sai a 2003 hukumar kula da magunguna ta ƙasar, FDA, ta shawarci kamfanoni su riƙa sa wa sababbin inhela abin ƙirga feshi. Shekara 47 ke nan! Abin da ya burge ni a shawarar shi ne lambar ta riƙa sauka har zuwa sifiri, kuma a ƙera ta yadda ba za ta nuna saura alhali babu ba. Gara ta sa ki sayi sabuwa da wuri.

Masu lambar ma sai kin san karatunsu. Ventolin da ake sayarwa a Amurka daga 204 take farawa, domin huɗun farko a iska ake fesa su. Mai zagaye da ake kira Accuhaler, ta gari ce, shaƙa 60, biyar ɗin ƙarshe da jan launi suke fitowa. Turbuhaler kuwa in kin girgiza ta kika ji ƙara, ba maganin ba ne, abin tsotse danshi ne, ko ta ƙare ƙaf za ki ji shi. Tagar kawai za ki duba.

Takaicina ɗaya: shuɗiyar, wadda ake rarumowa a lokacin tashin hankali, yawancin wadda nake samu a kemis ba ta da lamba. Ita ce kuma ta fi wuyar lissafi, tunda ba kullum ake shaƙarta ba. Ta rigakafi da sauƙi. In likita ya ce feshi biyu safe biyu dare, mai 200 kwana 50 za ta yi, mai 120 kwana 30. Ki rubuta ranar ƙarewarta a jikin kwalin tun ranar da kika buɗe.

Shuɗiyar kuwa filasta nake manna mata, in rubuta ranar buɗewa, duk feshi in ja layi da biro, har wanda aka yi a iska. Da ya fara tasawa na koya masa ya ja da kansa. In layukan sun kai 180 sai in sayi wata in ajiye. Lissafin yana da wani amfanin: likitoci na ɗaukar ƙarar da shuɗiya uku ko fiye a shekara alamar cewa asmar ba ta lafa ba, sai an sake duba maganin rigakafin.

Ranar da za ki koma kemis ko asibiti, ki tambaya ko akwai mai lamba daidai da wadda likita ya rubuta. Ta cikin jakar makaranta ma ki manna mata nata filastan.