Jirgi Na Ƙasa, Jela Na Rawa

Da zarar an kwashe masara a gonakin bayan garin Funtua, aka tattare kara, fili ya buɗe, sai ka tarar da wasu samari da yamma suna gwada ƙananan jiragen da suka ƙera da hannunsu. Jikin jirgin farin soso ne, irin wanda ake cusawa a kwalin firiji, an haɗa shi da gam da tsinken tsire. Inji da rimot kuwa sai an yi odarsu daga Kano ko ta intanet. 'Yan kallo duk idonsu na sama. Amma wanda ya tsuguna kusa da jirgin tun yana ƙasa zai ga jelarsa tana karkarwa, ya kuma ji wata siririyar ƙara tana fita daga cikinsa, alhali mai rimot ɗin hannunsa na cikin aljihu.

Abin da ke rawar shi ne sarbo, ɗan akwatin da ke motsa jela da gefen fiffike. Wanda ya fi yawa a hannun masu koyo shi ne SG90, shuɗi, nauyinsa giram 9, haƙoran giyarsa na roba. Waya uku ke fita daga jikinsa: biyu na wuta, ɗaya ta saƙo. Sau 50 a kowace daƙiƙa risibar da ke cikin jirgin take aiko masa da ɗan bugun lantarki, tsawon bugun kuma shi ne umarnin. Milisakan 1 na nufin ya juya gefe guda, 2 ɗaya gefen, 1.5 ya tsaya a tsakiya. A cikinsa akwai ƙaramin mota da wani ma'auni irin na murɗa ƙarar rediyo, wanda ke gaya masa inda hannunsa yake. Idan inda yake ya saɓa da inda aka ce ya tsaya, ko da da ƙiris ne, sai ya motsa. Ke nan duk lokacin da umarnin ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, ko ma'aunin ya rikice, hannun ba zai huta ba.

Abu na farko da yaro ke faɗa shi ne, "Yaya, sarbon nan ya mutu, a sayo wani." Wanda ya daɗe a harkar ba ya saurin yarda. Mutumin Funtua ya san sikelin auduga: idan allura tana rawa, buhun da ke lilo ake fara riƙewa kafin a ce sikelin ya lalace. Haka nan ma, sai a zare wayar sarbon daga tasharsa a risiba a mayar da ita wata tashar, a sa wani sarbon a tsohuwar. In rawar ta bi shi, shi ake fara zargi. In ta tsaya a tsohuwar tashar, to daga rimot ko risiba take zuwa. Rimot irin FlySky FS-i6, da ya yaɗu saboda sauƙin kuɗinsa, yana da shafin da ke nuna kowace tasha a matsayin layi. A cire hannu daga sandar rimot a zuba wa layin ido. In yana motsi shi kaɗai, an kama ɓarawo.

A nan saitin rimot yake da amfani, kuma ko sisi ba ya ci. Na farko shi ne iyakar tafiya. Sau da yawa wayar ƙarfen da ta haɗa sarbo da jela ta kai ƙarshenta, amma rimot na ci gaba da cewa a ƙara. Sarbon sai ya yi ta turawa yana kuka, ya yi zafi, ya zuƙe batir. A rage iyakar daga 100 zuwa inda ƙarar ta ɗauke, shi ke nan. Na biyu shi ne yawan saƙo. Wasu rimot suna ba da damar a ƙara shi daga 50 zuwa ɗaruruwa a daƙiƙa, saurayi kuma da ya ga babbar lamba sai ya ɗauka ita ce mai kyau. Wannan na sarbo na dijital ne. Na gargajiya an gina shi ne a kan 50, in aka ɗura masa fiye da haka sai ya kama makyarkyata, wani lokaci ma ya ƙone.

Na uku shi ne ekspo, wanda ke sassauta tsakiyar sanda, ta yadda ɗan motsin da ba a yi niyya ba yake isa wurin sarbo a raunane. Kashi 20 zuwa 30 ya ishi mai koyo. Sai dai a kula, kamfanoni ba su haɗu a kan alama ɗaya ba: a Futaba lambar ragi ce ke sassautawa, a Spektrum lambar ƙari. Abin dubawa shi ne zanen da ke kan allo, a tabbata tsakiyarsa ta kwanta. Masu rimot da ke aiki da manhajar OpenTX ko EdgeTX suna da ƙarin mataci a shafin kayan aiki, wanda ke tace ƙananan tsalle-tsallen sanda kafin a aika su, sannan akwai damar sake daidaita sandunan gaba ɗaya.

Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma lokacin da fili ke buɗewa shi ne lokacin hunturu. Ƙurar da ke kwanciya a kan allon waya ita ce ke shiga ƙarƙashin sandar rimot, ta zauna a kan ɗan layin gawayin da ma'aunin sandar yake gogawa. Daga nan lambobi su fara tsalle. Ekspo zai rage abin da ido ke gani, amma ƙurar tana nan. Maganinta a buɗe bayan rimot a fesa ruwan wanke kayan lantarki, irin wanda masu gyaran waya da rediyo suke ajiyewa, a kuma riƙa sa rimot a jaka bayan an gama. Rimot masu tsada, irin RadioMaster TX16S, sandunansu da maganaɗisu suke aunawa, babu abin da ke gogar wani, shi ya sa ƙura ba ta cika damunsu ba.

Sai batun wuta. Sarbo na son bolt 4.8 zuwa 6. Guda ɗaya in ya cije yana iya jan fiye da rabin amfiya, jirgi kuma yakan ɗauki huɗu. In batir ya gaji, ko an murɗe waya da hannu an naɗe da salatif maimakon a like ta da dalma, wutar na faɗuwa duk sanda suka motsa tare, sai ka ga dukkansu suna rawa lokaci guda. Wannan babu saitin da zai gyara shi. Haka kuma tsofaffin rimot na motocin wasa masu doguwar eriya, na megahaz 27, sun fi saurin ɗaukar hayaniyar lantarki fiye da na gigahaz 2.4 da suka mamaye kasuwa tun tsakiyar shekarun 2000.

Samarin nan sun ƙware wajen yanka soso da daidaita fiffike, amma da yawansu ba su taɓa wuce shafin farko na rimot ɗinsu ba, ga shi kowane sarbo da aka jefar sai an jira saƙo daga nesa kafin a maye gurbinsa. Don haka, ɗan'uwa mai ƙera jirgi, kafin ka tura kuɗi Kano, canja tasha, duba allo, rage iyaka, mayar da saƙo 50, sannan ka auna batir. In bayan duk wannan jela ba ta daina rawa ba, kada ka tashi jirgin a kan jama'a.