Dalmar da ake narkawa a lungunmu

Jama'a, tun ranar Asabar akwai abin da ya tsaya min a rai, sai na faɗa zan samu sauƙi.

Ina dawowa daga Kasuwar Rimi, na shigo lungunmu a Yakasai, sai na tarar da wani matashi ɗan unguwa yana fasa tsohon batirin mota da guduma. Ruwan batirin na gangarawa kwata, a gefe ga gawayi ya yi ja, ga wani tsohon kasko cike da dalma tana narkewa. Yara kusan biyar sun zagaye shi suna kallo, har da 'yata da allonta a hannu. Taku kaɗan daga nan mai awara tana suyarta.

Wallahi sai na tuna da Kawu, Allah Ya jiƙansa. Mafarauci ne, kuma da damina ta ɗauke sai ya zauna a soro ya narka dalma, ya zuba ta sanda-sanda, daga baya ya yi harsashin bindigarsa da ita. Mu ne 'yan fifita wuta. Ɗigon da ya zuba ƙasa kuwa rububinsa muke yi, har cizawa muke don mu ga shatin haƙoranmu. Babu wanda ya taɓa cewa guba ce, shi kansa Kawu bai sani ba. Akwai ɗan'uwanmu da aka riƙa kira daƙiƙi a makaranta, kuma shi ne ya fi kowa zama kusa da wutar nan. Ban ce dalma ce ta jawo ba, amma har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Mu da muka ga 2010 ba mu da uzurin Kawu. A Zamfara, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. A 2015 aka maimaita a Rafi ta jihar Neja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira ba komai. Ƙura da hayaƙinta suna sauka a ƙasa, yaro ya taɓa ya kai hannu baki, ta taɓa masa ƙwaƙwalwa a hankali, ba zazzaɓi ba ƙurji balle a farga. Mai ciki ma tana iya kai wa ɗan cikinta.

Na ja shi gefe na ce, "Ƙanena, ka san abin da kake shaƙa kuwa?" Ya ce, "Yaya, da wannan nake ciyar da Umma. Mafarauta na saye, 'yan gwangwan ma na saye. In na bari me zan yi?" Gaskiya na rasa amsa. Yaron nan bai yi sata ba, bai shiga daba ba, nema yake yi.

Amma nemansa bai kamata ya zama a kan ƙwaƙwalwar 'ya'yanmu ba, har da tasa. Mun yi magana ta fahimta, ya yarda zai daina kunna wutar a lungu, batirin da ya tara kuma ya sayar da shi a rufe ko da ribar ta ragu. Gobe in sha Allahu zan je wajen Mai Unguwa, don na ji an ce ba shi kaɗai ke yi ba.

Iyaye, in kun ga ana wannan aiki ku janye yara, a wanke musu hannu da sabulu kafin cin abinci. Wanda yaronsa ya daɗe yana wasa a irin wurin nan, ya tambayi likita gwajin dalma a jini.

A unguwarku ana yi? Ku faɗa min yadda kuka ɓullo wa abin. Allah Ya kare mana zuri'a.